Jimmy Carter: Sojan Ruwan da Bai Manta Hanyar Gona Ba

Ranar 4 ga Janairu, 2025, ayarin motocin da ya ɗauko gawar Jimmy Carter daga kudancin jihar Jojiya zuwa birnin Atlanta ya tsaya a bakin wata tsohuwar gona a ƙauyen Archery. A nan aka kaɗa ƙararrawar gonar sau 39, kasancewarsa shugaban Amurka na 39. Da ƙararrawa ake tashin ma'aikatan gonar mahaifinsa tun kafin gari ya waye sa'ad da yake yaro. Bayan kwana uku, a birnin Washington, ayarin ya sake tsayawa a dandalin tunawa da sojojin ruwa, inda aka sauke akwatin daga mota aka ɗora a keken doki zuwa majalisar dokokin ƙasar.

An yi rubuce-rubuce da yawa a kan Carter ɗan siyasa: yarjejeniyar Camp David, rikicin Iran, kayen da Ronald Reagan ya yi masa a 1980, da kyautar Nobel ta 2002. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a rayuwar wannan dattijo, wanda ya rasu ranar 29 ga Disamba, 2024, yana da shekara 100, shi ne abin da gona da aikin soja suka zuba masa tun da wuri. A ganina duk alherin da duniya ta ci daga hannunsa, har da wanda ya iso ƙauyukanmu, daga can tushensa yake. Mutum ne da ya san ƙasa da tafin ƙafarsa, ya san ruwa da jikinsa, aikin soja kuma ya hore shi a kan kada ya yaudari kansa. Wanda ya haɗa waɗannan, in ya hau mulki ya san abin da yake sa wa hannu, in ya sauka yana da wurin komawa, in ya haihu yana da abin da zai nuna wa 'ya'yansa.

An haife shi ranar 1 ga Oktoba, 1924, a Plains, ɗan ƙaramin garin da har yau mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. Yana ɗan shekara huɗu mahaifinsa, Earl Carter, ya kwashe iyali zuwa Archery. Gidan ba famfo ba lantarki. Wuta ba ta iso ba sai a 1938. Auduga da gyaɗa da masara ake nomawa, da alfadarai ake huɗa. Galibin shekara yaron ba takalmi yake yawo. Tun yana ɗan shekara biyar yake dafa gyaɗa ya ƙulla a 'yan jakunkunan takarda, ya bi layin dogo da ƙafa zuwa Plains ya sayar. Duk wanda ya taɓa tallan dafaffiyar gyaɗa a tashar mota ya san irin wannan ƙuruciya.

Maƙwabtansu kusan duka baƙar fata ne, jikokin bayi, masu noma gonar wasu a raba amfani. Zamanin wariyar launin fata ne, kuma mahaifinsa yana cikin waɗanda suka yarda da wannan mugun tsari. Carter bai ɓoye hakan ba a littattafansa. Sai dai a hannun waɗannan maƙwabta ya tashi. Jack Clark, babban ma'aikacin gonar, shi ya koya masa aiki da kula da dabbobi. Matarsa Rachel Clark gwanar su ce da ba ta da na biyu a yankin, ita ke jan shi zuwa rafi, tana nuna masa yadda ake fatsa, tana yi masa nasiha a hanya. Da ya girma ya lissafa mutum biyar da suka fi gyara ƙuruciyarsa bayan iyayensa, uku daga cikinsu baƙar fata ne. Na yi imani a bakin rafin nan aka dasa abin da ya sa daga baya ya ƙi bin layin mutanen garinsu a kan wariya.

Akwai wani labari da ya bayar wanda ya kamata kowane uba ya ji. Yana yaro mahaifinsa ya tafi da shi su a wani kogi na kudancin Jojiya tare da manya. Ruwa ya kai wa yaron har ƙirji. Uban ya ba shi igiyar da ya tsire kifayen da ya kama, yaron ya ɗaura ta a maɗaurin wandonsa. Can garin murnar nasa kifin, maɗaurin ya tsinke, igiya da kifayen wuni guda suka bi ruwa. Ya yi ta nutso yana lalube yana kuka, domin Earl mutum ne mai zafi, ba ya ɗaukar sakaci. Da uban ya iso ya ji abin da ya faru, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, ya yi murmushi, ya ce a bar su su tafi, kogi bai ƙare da kifi ba, ya rungume ɗansa. Carter ya tsufa yana ba da wannan labari. A gida uban nan mai ba da umarni ne. Sai da suka shiga ruwa tare ɗan ya ga taushin zuciyarsa.

Sha'awar teku kuwa daga kawunsa Tom Gordy ta zo, wani sojan ruwa da ke aiko masa da katunan hoto daga tashoshin jiragen ruwa na ƙasashe masu nisa. Ga kuma dalili na aljihu: makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa da ke Annapolis kyauta ce, abin da ɗan manomi a shekarun fatarar tattalin arziki ba zai raina ba. Ya shiga a 1943, ya fito a 1946, a shekarar kuma ya auri Rosalynn Smith, 'yar garinsu. Bayan shekara biyu a manyan jiragen yaƙi ya nemi a mai da shi jiragen ƙarƙashin teku, aikin da ya fi kowane haɗari a rundunar. A farkon 1949, cikin wata guguwa da dare a tekun Fasifik, igiyar ruwa ta share shi daga saman jirgin USS Pomfret. Da sauran kwana a gaba, ruwan ya ajiye shi a kan bindigar da ke bayan jirgin ya riƙe.

A 1952 ya je ganawa da Hyman Rickover, hafsan da ke gina wa Amurka jiragen ƙarƙashin teku masu aiki da makamashin nukiliya, mutumin da aka sani da tsanani. Sun fi awa biyu, Rickover yana yi masa tambayoyi har ya nuna masa iyakar saninsa a kowane fanni. A ƙarshe ya tambaye shi na nawa ya zo a ajinsu. Carter ya ce na 59 cikin 820, yana jiran yabo. Sai Rickover ya tambaye shi ko ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya buɗe baki zai ce e, sai ya tuna lokutan da ya yi wasa, ya amsa cewa ba kullum ba. Rickover ya tambaye shi me ya hana, ya juya masa baya. Wannan tambaya ba ta sake shi ba har ƙarshen ransa, daga cikinta ma ya ciro sunan littafin da ya rubuta a 1975 yana shirin neman shugabanci.

Bai daɗe a wannan aiki ba aka gwada shi. A Disambar 1952 tukunyar nukiliya ta Chalk River a Kanada ta lalace, aka tura shi da wata tawaga su taimaka a kwance ta. Turirin gubar ya yi yawan da ba a barin mutum ya wuce daƙiƙa 90 a ciki. Sai suka gina kwatankwacin injin a wani fili kusa, kowa ya yi ta maimaita aikinsa har hannu ya haddace, sannan ya shiga da gudu ya kwance ƙusar da aka ba shi ya fito. A irin wannan aiki ba a cewa "da dama-dama". Haka ma a jirgin ƙarƙashin teku: ko ka ɗaure bawul ko ba ka ɗaure ba, kuma ran kowa a jirgin yana rataye da gaskiyar rahotonka. Wannan horo ne ya fito da shi daga soja.

A Yulin 1953 ciwon daji ya kashe mahaifinsa. Carter ya zo jinya, ya zauna a bakin gado yana kallon mutane, farare da baƙaƙe, suna shigowa suna godiya a kan alherin da Earl ya yi musu a ɓoye, wanda ko iyalinsa ba su sani ba. Ya auna rayuwarsa ta yawo daga tasha zuwa tasha da ta wannan manomi da gari guda ke kuka dominsa, ya ga ta uban ta fi nauyi. Ya ajiye kakin soja yana laftanar, ya koma gida. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma a nan ya yi kuskuren da ya amsa da bakinsa daga baya: bai shawarci matarsa ba. Rosalynn tana son rayuwar soja da 'yancin da ta samu nesa da ƙauye, ta yi fushi ƙwarai, har ta ƙaurace wa magana da shi a doguwar tafiyarsu ta komawa. Suka sauka da 'ya'ya uku a gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, shekarar farko kuma fari ya cinye amfanin gona. A hankali ita ta karɓi lissafin kasuwancin gyaɗar, ta zama abokiyar shawarar da ba ya yanke komai sai da ita. Aurensu ya kai shekara 77.

A shekarun nan ne fararen garin suka matsa masa ya shiga ƙungiyarsu ta kare wariya, ya ƙi, wasu suka ƙaurace wa kasuwancinsa, bai sauya ba. Daga nan ya shiga majalisar jiha a 1963, ya zama gwamnan Jojiya a 1971.

A kujerar gwamna aka fara ganin amfanin shugaban da ya san daji. Injiniyoyin sojan Amurka sun daɗe da shirin gina babbar madatsar ruwa a kogin Flint, a wani wuri da ake kira Sprewell Bluff. 'Yan siyasa suna so, 'yan kwangila suna so. Carter ya shiga kwale-kwale ya bi kogin da kansa. Ya zauna ya bi alƙaluman injiniyoyin, ya gano an kumbura ribar aikin an rage asararsa. A 1973 ya hau kujerar naƙi, madatsar ba ta ginu ba har yau. Gani ya kori ji. Masunci ne ya ga abin da za a nutsar, almajirin Rickover kuma ya kama ƙaryar lissafi. A 1974 ya ratsa wani mawuyacin gangaren kogin Chattooga a kwale-kwale, a shekarar da aka sa kogin cikin waɗanda doka ta hana a taɓa.

Da ya zama shugaban ƙasa a 1977 bai bar halin ba. Watansa na farko bai daɗe da cika ba ya nemi a dakatar da kuɗin ayyukan madatsu 19, abin da ya haɗa shi faɗa da 'yan majalisar jam'iyyarsa. A 1979 ya kafa farantan hasken rana 32 a rufin fadar White House, waɗanda aka cire a 1986 zamanin Reagan. Babban aikinsa a wannan fanni shi ne dokar Alaska da ya sa wa hannu ranar 2 ga Disamba, 1980, bayan ya riga ya faɗi zaɓe. Dokar ta kare fiye da eka miliyan 100 na daji da duwatsu da koguna, faɗin da ya kusa rabin Najeriya. Kafin nan wasu mutanen Alaska sun ƙona mutum-mutuminsa don fushi. Abin lura a dokar shi ne ta amince wa mazauna karkara, musamman 'yan asalin yankin, su ci gaba da farauta da su na abin da za su ci. Wanda ya taɓa cin abin da ya kamo da hannunsa ya san ba a kare daji ta hanyar korar talakan da ke rayuwa a cikinsa.

Mutum tara yake bai cika goma ba, kuma mulkin Carter ya sha suka mai tushe. Tsadar kaya da layin mai sun gallabi Amurkawa. Barin hamɓararren Sarkin Iran ya shiga Amurka jinya ya jawo aka tsare Amurkawa 52 a Tehran na kwana 444, yunƙurin ceto su kuma ya ci ran sojoji takwas. Yarjejeniyar Camp David da ya ƙulla tsakanin Masar da Isra'ila a 1978 ta kashe wutar yaƙi tsakanin ƙasashen biyu amma ta bar Falasɗinawa ba ƙasa, abin da ya dame shi har ya rubuta littafi a 2006 yana kiran halin da suke ciki wariya, ya sha zagi a gida. Gwamnatinsa ta ci gaba da sayar wa Indunusiya makamai lokacin da take murƙushe Timor ta Gabas. Har halin binciken ƙwaƙwaf da ya gada daga soja ya zame masa aibi a siyasa, domin ya fi iya karanta fayil a kan lallashin 'yan majalisa. Duk wannan gaskiya ne. Abin da nake cewa shi ne inda ya tsaya a kan abin da ya gani da idonsa, a nan aikinsa ya fi daɗewa.

Ya bar mulki a Janairun 1981 yana da shekara 56. Ya koma Plains, gidan da suka gina a 1961, ya tarar da kasuwancin gyaɗarsa cikin bashin kusan dala miliyan ɗaya, dole ya sayar. Ministocinsa da ma'aikatansa suka haɗa masa kayan kafinta a matsayin kyautar ban-kwana, ya mai da garejin gidan shago, ya riƙa ƙera kujeru da tebura da gadaje. Ya ƙi shiga hukumomin manyan kamfanoni da tsoffin shugabanni ke tara dukiya da su. Ya ci gaba da koyarwa a cocin garinsu ranar Lahadi. Daga 1984 shi da Rosalynn suka riƙa ba da mako guda kowace shekara suna gina wa marasa galihu gidaje da guduma a hannu. Yana da shekara 95 aka gan shi a wurin gini a Nashville da ɗinki a goshi da ido a kumbure, washegarin faɗuwar da ya yi a gida. Abin da ya sa sauka daga mulki ba ta karya shi ba shi ne tun asali kujerar ba ita ce dukan rayuwarsa ba. Yana da gona, yana da tafki, yana da sana'ar hannu, yana da gari da ya san shi da sunan yarinta.

A nan labarinsa ya haɗu da namu. Shi ne shugaban Amurka na farko da ya kawo ziyarar aiki ƙasar Afirka kudu da Sahara, inda ya sauka a Legas ranar 31 ga Maris, 1978, zamanin Janar Olusegun Obasanjo. Amma abin da ya fi wannan ziyara shi ne yaƙin kurkunu. Dattawanmu sun san wannan cuta. Mutum ya sha ruwan kududdufi mai ɗauke da 'yan mitsi-mitsin ƙwarin da suka haɗiyi ƙwayayen tsutsar. Bayan kimanin shekara guda ƙafa ta yi bororo mai zafi kamar wuta, tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta leƙo. Don neman sauƙi sai mai ciwon ya tsoma ƙafar a tafki, tsutsar ta zuba dubban ƙwayaye, a sake sabon zagaye. Ba allurar rigakafi ba magani. Sai dai a naɗe kan tsutsar a ɗan tsinke, a riƙa ja kaɗan-kaɗan kullum, makonni ana yi, ana tsoron kada ta tsinke a ciki. A ƙasarmu da damina take kwantar da mutane, daidai lokacin noma, sai gida ya rasa mai riƙe fartanya.

Cibiyar Carter, wadda ya kafa a 1982, ta ɗauki wannan yaƙi a 1986, lokacin da aka ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi ke kamuwa kowace shekara a ƙasashe 21. A 1988 ya je wasu ƙauyuka kusa da Accra a Ghana ya ga cutar da idonsa. Binciken da aka yi a Najeriya a wannan lokaci ya gano fiye da mutum 650,000, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Makaman yaƙin kuwa na ƙauye ne: ƙyallen tace ruwa, ɗan bututun tacewa da makiyayi ke ratayawa a wuya, maganin da ake zubawa a tafki, rijiyar burtsatse inda hali ya yi, da ɗan sa-kai a kowane ƙauye mai hana masu ciwo shiga ruwa yana rubuta duk wanda ya kamu. Janar Yakubu Gowon ya shigo aikin a ƙarshen shekarun 1990, ya zaga ƙauyuka fiye da ɗari yana zama da dagatai yana matsa wa gwamnoni su tona rijiyoyi. A 1995 Carter ya shawo kan ɓangarorin yaƙin Sudan suka tsagaita wuta na kusan wata shida don ma'aikatan lafiya su shiga. Najeriya da Nijar sun ga kurkunu na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba su takardar shaida a 2013, Ghana ta samu tata a 2015. A shekarar da ya rasu mutum 15 kacal aka samu a duniya, a Chadi da Sudan ta Kudu.

Manyan duniya da yawa sun ji labarin kurkunu ba su motsa ba, domin cuta ce ta mutanen da suke ƙarshen hanya. Me ya sa ta kama zuciyar Carter? Amsata ita ce ya san tafki. Ya tashi a gidan da ake jan ruwa da guga, a yankin da tsutsar ciki da zazzaɓin cizon sauro suka addabi talakawa, mahaifiyarsa Lillian kuma nas ce mai shiga gida-gida. Ya san ma'anar manomi ya kwanta da damina. Horon soja kuma shi ya sa aikin ya tsaya a kan ƙidaya: ƙauye nawa, mutum nawa, wata nawa ba a ga ko ɗaya ba. Irin wannan tsayuwa a kan lissafi ya nuna a 1999, da ya zo sa ido a zaɓen shugaban ƙasar Najeriya ya rubuta wa hukumar zaɓe cewa yawan masu jefa ƙuri'ar da suka gani bai yi daidai da sakamakon da aka bayyana a jihohi da dama ba, duk da cewa tsohon abokinsa Obasanjo ne ya ci zaɓen.

A matsayin uba ma sai da ya koyi darasi. 'Ya'yansa maza uku, Jack da Chip da Jeff, an haife su yana soja, kuma ya amsa cewa ya riƙe su da tsanani irin na mahaifinsa da na bariki, yana ba da umarni yana jiran biyayya. Amy, wadda aka haifa a 1967, ta samu uba mai laushi. A Washington ya sa ta a makarantar gwamnati da galibin ɗalibanta baƙar fata ne, ya kuma tsara mata ɗan ɗakin katako a gindin bishiya a harabar fadar. A taron makokinsa Chip ya ba da labarin yadda ya faɗi jarrabawar Latin yana yaro, uban ya riƙa tafiya da littafin wurin aiki yana koyo da rana yana koya masa da dare har hutun ya ƙare, yaron ya sake jarrabawar ya cinye duka. Yana shugaban ƙasa, a 1978, ya kwashi iyali suka yi kwanaki suna bin kogin Salmon a jihar Idaho a kwale-kwalen roba suna kwana a tanti. Da jikoki suka zo, ya koya musu fatsa a tafkunan Plains. Bai daina shiga daji ba har tsufa: a Mayun 2019, yana da shekara 94, ya faɗi ya karye a ƙugu yana shirin fita farautar talotalon daji, kuma bayan tiyata damuwar da ya bayyana ita ce lokacin farautar zai ƙare a makon.

To mu fa? Mun wayi gari muna ɗaukar gona da su da kiwo a matsayin abin da ake gudu, alamar wanda boko bai karɓe shi ba. Yaro ya tashi a Kano ko Kaduna ko Maraɗi bai iya bambance gero da dawa a tsaye ba, bai san sunan itatuwan da kakansa ke magani da su ba, bai san daga ina ruwan da yake sha ya fito ba. Wannan yaron ne gobe zai zama kwamishina ko darakta, ya sa hannu a raba burtali, ko a sare gandun daji, ko a tare kogi, bai taɓa taka wurin ba. Babban mutum kuwa in ya bar ofis ya koma ƙauye sai a ce ta ƙare masa, shi ya sa da yawa ke manne wa kujera ko su ƙare rayuwa suna bin ƙofar masu mulki.

Na san za a ce zamani ya sauya, dazuzzukanmu da yawa sun koma maɓoyar 'yan bindiga, kuma uban da ke fafutukar abin kai wa baka ba shi da lokacin yawon rafi. Gaskiya ne, ba wanda zai ce a kai yara inda rai ke cikin haɗari. Amma rasa dajin ma yana daga cikin sakamakon shugabancin da ya juya wa karkara baya shekaru da yawa. Kuma abin da ake bukata ba shi da tsada: gonar gado da damina, lambun fadama da rani, ɗan akurkin kaji ko turken tumaki a bayan gida, wuni guda da uba zai yi aiki kafaɗa da kafaɗa da ɗansa ko 'yarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A irin wannan wuni yaro ke koyon haƙuri da amana, uba kuma ke samun damar nuna tausayin da zaman gida kan ɓoye.

Da aka gano ciwon daji a ƙwaƙwalwarsa a 2015, Carter ya gaya wa 'yan jarida cewa burinsa kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Bai samu wannan buri ba. Tsutsar na nan a Chadi, inda take kama har da karnuka, kuma Chadi maƙwabciyarmu ce, ruwa ɗaya muke sha da ita. Kududdufan da suka ba iyayenmu kurkunu har yanzu su ne ruwan shan ƙauyuka da yawa, suna ba jikokinsu kwalara da tsargiya. Wannan aiki namu ne, ba sai wani tsohon shugaban Amurka ya sake zuwa ba. Kowane gwamna da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa ya kamata ya je da ƙafarsa ya ga inda mutanen mazaɓarsa ke ɗebo ruwa kafin ya rubuta kasafin kuɗin baɗi, ya kuma tafi da 'ya'yansa su gani.